Tsohuwar Waƙar Rap a Gidajen Radiyo: Sharhi a kan Abin da A ke Tunawa da Abin da A ke Zubarwa

1. Gabatarwa

Waƙar da aka daɗe ana kira waƙar yara ta girma tare da yaranta. Samarin da suka fara rap a Yamai cikin shekarun 1990, yau sun ba shekara 40 baya, wasunsu ma sun doshi 50. Magidanta ne, ma'aikata da ƴan kasuwa da malaman lakwal, kuma kunnensu yana marmarin abin da ya saba ji a lokacin ƙuruciya. Duk gidan radiyon da ke neman masu saurare, dole wata rana ya tambayi kansa ko zai mayar musu da waɗannan waƙoƙi, da kuma waɗanda zai zaɓa daga ciki.

Wannan tambaya ta masu radiyo ce, amma amsarta ta shafi masu nazarin harshe da masu tsara aikin yaƙi da jahilci. Abin da mu ke son nunawa shi ne, tsohuwar rap ta Yamai taska ce ta Hausar birni wadda ba a rubuta ba, kuma wanda ya zaɓi waƙoƙin da za a maimaita, shi ne ya zaɓi Hausar da za ta wanzu. Za mu fara da duba yadda abin ya gudana a Amurka, inda aka soma shi, sa'an nan mu auna shi da halin ƙasarmu.

2. Yadda abin ya kasance a Amurka

An haifi hip-hop a unguwar Bronx ta birnin Niyok a 1973, faifansa na farko da ya game duniya kuwa ya fito a 1979. Shekaru da dama bayan haka, tashoshin da ke yi wa baƙaƙen fata manya kiɗa sun riƙa gudunsa, har wasu suna tallar kansu da cewa ba su sa rap. A ganinsu magidanci yana son waƙa mai taushi, rap kuwa hayaniyar samari ce. Amma masu ba da talla a can suna farautar mutanen da ke tsakanin shekara 25 da 54, kuma da tafiya ta yi nisa sai aka wayi gari wannan rukuni ya cika da waɗanda suka tashi da rap.

Tashar KDAY ta Los Anjalis ta gwada sa tsohon hip-hop tun 2004. A watan Oktoba na 2014 kuma kamfanin Radio One ya juya wata tasharsa ta labarai da ke Hustan, ya sa mata suna Boom 92, ta koma ba ta sa kome sai rap na jiya. Cikin ɗan lokaci masu sauraronta suka ninka kusan sau uku, tashoshin wasu birane suka bi sahu, har waɗanda a da suka ƙi rap suka fara tsarma shi cikin shirye-shiryensu. A farkon 2017 tashar ta Hustan ta bar tsarin.

Darasi biyu ke nan. Na farko, ciniki ne ya dawo da waƙoƙin, ba kishin adana su ba. Na biyu, irin wannan tsari yana tsayawa a kan ƴan waƙoƙi kaɗan waɗanda kowa ya sani, ana ta juya su har kunne ya ƙoshi. A Amurka hasarar ba ta da yawa, domin faifan da radiyo ya manta yana nan ajiye a kamfani da ɗakunan karatu. A wajenmu lamarin ya sha bamban.

3. Rap na Yamai da zamaninsa

Tun kafa Radiyo Nijar a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel a 1974, murya ɗaya ce a ke ji a ƙasa. Kiɗan da ta ɗaukaka shi ne na makaɗan gargajiya irin su Ɗan Gurmu na Tawa, da waƙoƙin samariya na zamanin Seyni Kunce. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a. A 1994 radiyo mai zaman kansa na farko, R et M, ya fara aiki a Yamai, sa'an nan Anfani da Suda da Tenere suka biyo baya. A wannan shekara ta 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ga yajin aiki, ga shekarun karatu da suka tafi a banza, ga masu takardar shaida ba aikin yi. Samari suka koma zaman fada, suna dafa shayi suna sauraron kaset na MC Solaar da IAM daga Faransa, da Positive Black Soul daga Dakar.

Daga wannan zama ƙungiyoyi suka ɓullo: Lakal Kaney, waɗanda kundinsu La Voix du Ténéré ya fito a 2000, da Kaidan Gaskia, da Wass Wong, da Djoro G, da Black Daps, da Haskey Klan, da Kamikaz, da kuma Zara Musa wadda aka fi sani da ZM. Dandalinsu shi ne cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, wadda aka sauya wa suna a 2024 ta koma ta Mustafa Alasan. Suna waƙa da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, sau da yawa a cikin baiti guda.

4. Abin da mai nazarin harshe zai samu

Tun kafin a saurari waƙa ko ɗaya, sunayen ƙungiyoyin kansu abin nazari ne.

Mu ɗauki Kaidan Gaskia. Kalmar ƙa'ida tamata ce. Bakano zai ce ƙa'idar gaskiya, Ba'adare ko Bagobiri ya ce ƙa'idag gaskiya. Amfani da -n a wannan gurbi alama ce ta Hausar da ta saki bambancin jinsi, abin da a ke samu a bakin waɗanda Hausa ta zame wa harshe na biyu. Ba abin mamaki ba ne a birnin da ke tsakiyar ƙasar Zabarmawa, tun da Zabarmanci ba shi da jinsi a nahawunsa. Lakal Kaney kuma Zabarmanci ne, ma'anarsa kwanciyar hankali, kuma lakkal da hankali duk daga kalmar Larabci guda suka fito, kowane harshe ya sarrafa ta yadda bakinsa ya iya. Wass Wong haɗin ƙungiya biyu ne, Wassika da Wongary, watau wasiƙa ta Hausa da wangari, jarumi, na Zabarmanci.

Rubutun sunayen ma shaida ne. An rubuta Gaskia ba y, Haskey da ey, Wassika da s biyu da k marar lanƙwasa. Wannan hannun ɗan lakwal ne wanda ya koyi rubutu da Faransanci, bai taɓa zama ajin Hausa ba. Ga shi kuwa an yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, an kuma fitar da dokar ƙa'idojin rubutu a 1999. Bangon kaset ɗin nan yana gaya mana iyakar inda ƙa'idojinmu suka kai, kuma ba su kai fada ba.

Abu na biyu shi ne awon waƙa. Waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, tana tafiya a kan nauyin gaɓa: gaɓa mai dogon wasali ko mai rufe da baƙi tana da nauyi, mai gajeren wasali ba ta da shi. Rap na Ingilishi kuwa yana dogara ga ƙarfin da a ke ba wata gaɓa cikin kalma, ana jera shi a kan bugu huɗu. Hausa ba ta bambanta kalmomi da irin wannan ƙarfi. Da tsawon wasali da karin sauti ta ke yi. Garin da a ke zama ciki da garin da a ke tuƙa tuwo, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki, karin sauti ne ya raba su. To, idan mawaƙi ya cusa jimlar Hausa cikin bugu huɗu na injin kiɗa, yana gudu, me ya ke sadaukarwa? Yana gajarta dogon wasali? Yana shafe hawa da saukar murya, ya bar ma'ana ta fito daga muhallin magana? Ɗalhatu Muhammad ya nuna tun 1980 cewa mawaƙan Hausa suna yin amsa-amon kari a ƙarshen layi. Ko ɗan rap na Yamai ya gaji wannan ba tare da an koya masa ba? Waɗannan tambayoyi ne da kaset kaɗai zai amsa, kuma amsarsu za ta taimaka wa tsohuwar muhawararmu a kan nuna tsawon wasali a rubuce, wanda jaridun yaƙi da jahilci irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii suka yi, daga baya aka bari.

Abu na uku shi ne kalmomi da karin harshe. Yamai mahaɗa ce. Ba'are na Dogon Dutsi da Ba'adare da Bakatsinen Maraɗi da Badamagare duk suna zaune unguwa ɗaya, wani ya ce shina, wani ya ce yana, wani hwari, wani fari. Ga kalmomin aro daga Faransanci, lakwal, mushe, lokotoro, kamyo, waɗanda ƙamusun da aka yi a Nijeriya ba su cika kulawa da su ba. Rap ya kama wannan cuɗanya tana cikin faruwa, da shekararta, da muryar mai faɗinta.

5. Illar zaɓen radiyo

Idan gidajen radiyonmu suka ɗauko tsarin Amurka yadda ya ke, tankaɗe uku za a yi wa wannan taska.

Tankaɗe na farko na inji ne. Waƙar da ta rage a kaset mai shan iska, ko a faifan CD da ya karce, ba ta shiga kwamfutar gidan radiyo. Wadda aka ɗauka da kyau aka buga da yawa ita ce za ta tsira.

Na biyu ya biyo daga na farko. Waƙoƙin da suka sami kuɗin ɗauka mai kyau, da yawansu ƙungiyoyin agaji ne suka ɗauki nauyinsu, kamar gasar rap da UNICEF ta shirya a Yamai a 2004. Jigonsu sida ne, da auren wuri, da karatun ƴan mata. Jigogi ne masu amfani, amma Hausarsu Hausar faɗakarwa ce, an tsabtace ta don ta dace da saƙon mai ba da kuɗi. Zambo da habaici da kirari da saran unguwa, watau inda rap ya haɗa jini da gambara da ƴan kama, sun fi yawa a waƙoƙin da ba wanda ya biya. Bayan shekara 20 sai mai bincike ya ɗauka samarin 2000 wa'azin lafiya kaɗai suka iya.

Na uku na mai saurare ne. Magidancin da ke jin radiyo tare da ƴaƴansa ba ya son a tuna masa da zafin bakinsa na da. Mai gabatar da shiri ya san haka, ya kuma san waƙar da ta taɓa masu mulki tana iya jawo masa magana. Sai ya zaɓi mai sanyi.

A ƙara da wannan: kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Rukunin da ya ɗauki nauyin tsohon hip-hop a Amurka, a nan ƴan tsiraru ne, kasuwar talla kuma ƙarama ce. Shirin tuna baya zai sami awa ɗaya ko biyu a mako, ba tasha sukutum ba, ƙaramin fili kuwa yana ƙara tsananta zaɓe.

6. Amsa ga masu ƙyamar wannan Hausa

Akwai abokan aiki da ke ganin wannan gurɓatacciyar Hausa ce, ba ta cancanci takarda ba. Mun yarda ba da ita za a rubuta littafin nahawu na aji uku ba. Amma aikin mai nazari ya bayyana abin da a ke faɗi kafin ya yanke abin da ya kamata a faɗa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Ashe ke nan yawancin sababbin masu karanta ta za su fito daga cikin waɗanda ba ita suka sha a nono ba. Wanda zai tsara musu littafi, lalle ya san inda Hausarsu ta saki jinsi, da inda ta rasa lanƙwasar ƙ da ɗ, don ya san inda zai tsaya ya yi bayani. Daɗin daɗawa, matsalar da ta addabi yaƙi da jahilci tun 1963 ita ce rashin abin karantawa bayan an gama aji. Babba yana saurin karanta abin da ya riga ya haddace, kuma ɗan shekara 45 a Yamai ya haddace waɗannan waƙoƙi.

7. Shawarwari

(a) A nemi gidajen radiyo da mawaƙan kansu, tun suna raye, a kwafi duk abin da ke hannunsu daga 1994 zuwa 2010, ba tare da zaɓe ba, a ajiye a taskar sauti ta IRSH ko ta CELHTO, da yardar masu waƙa da kiyaye haƙƙinsu.

(b) Kowace waƙa a rubuta shekararta, da unguwar mawaƙi, da harshen gidansu. In ba wannan, kaset kiɗa ne kawai, ba hujja ba.

(c) A rubuta matani sau biyu: da rubutun nazari mai nuna tsawon wasali da kari, da kuma daidaitaccen rubutu don masu karatu. Kada a gyara wa mawaƙi nahawu.

(d) A ba masu shirye-shirye wannan taska su riƙa ɗiba, domin zaɓensu ya faɗaɗa, su kuma riƙa faɗin sunan ƙungiya da shekarar waƙa.

8. Kammalawa

Magabatanmu a wannan aiki sun bi ƙauyuka da rakoda suna ɗaukar tsofaffin maroƙa da masu tarihi, don sun gane abin da ke bakin tsoho yana tafiya da shi. Adabin bakan da ke cikin haɗari yau yana unguwannin Bukoki da Talaje da Yantala, cikin kwali, a ƙarƙashin gado. Radiyo zai ɗauki abin da ya yi masa daɗi ya bar saura, wannan kuwa sana'arsa ce. Tattara sauran aikinmu ne, kuma kaset ba ya jiran kasafin kuɗin baɗi.