Ba Kowane Mai Duba Wata Ne Boka Ba

Akwai wani mutum da ba ya ɓacewa a finafinan Indiya. Da an zo maganar aure sai ka gan shi zaune a ƙasa, goshinsa da jan zane, ya buɗe wani littafi mai cike da lambobi yana ƙirge da gaɓoɓin yatsu, can sai ya ɗago kai ya faɗi rana da sa'ar da za a ɗaura. Su Indiyawa fandit suke ce masa. Mu kuwa a nan Zongon Lome, sunan da na fi jin ana ba shi, a bakin 'yan kallo da kuma bakin wasu masu juya finafinan zuwa Hausa, shi ne boka. Ina ganin kalmar nan ta cuce mu sau biyu. Ta rufe mana ilmin da ke cikin littafin da mutumin yake riƙe da shi, ta kuma ba mu damar yi wa camfin wasu dariya ba tare da mun waiwayi namu ba.

Bari mu fara da littafin. Sunansa fancanga, ma'ana gaɓoɓi biyar, don abubuwa biyar yake lissafawa a kowace rana. Na farko ranar mako. Na biyu tithi, wato kwanan wata irin nasu. Ba da faɗuwar rana suke ƙirga shi ba, da tazarar da ke tsakanin wata da rana a sararin sama suke yi: duk sa'ad da wata ya ƙara nisa da daraja 12, tithi ɗaya ya cika, talatin ɗinsu su ba da daraja 360, wata ya ƙare. Da yake tafiyar wata ba ta da gudu ɗaya, wani tithin yakan gaza awa 20, wani ya zarce awa 26, shi ya sa yana iya shiga da hantsi ya fita da asubahin gobe. Na uku nakshatara, masaukan wata guda 27 a cikin taurari. Sauran biyun, yoga da karana, su ma daga matsayin rana da wata ake fitar da su.

Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Mu Musulmi mun bar wannan giɓi yadda yake, don haka azumi yake zagayawa, ya faɗo a damina, ya faɗo a hunturu, sai bayan kimanin shekara 33 ya komo inda ya taso. Su kuwa sukan ƙara wata guda bayan kowane wata 32 da 'yan kai, shi ya sa bikinsu na fitilu, Diwali, ba ya barin tsakanin Oktoba da Nuwamba. Har gwamnatinsu ta shiga maganar. A 1952 ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin masanin taurari Meghnad Saha, aka tarar da kalandu wajen 30 suna aiki a ƙasar, aka fitar da ta ƙasa guda ɗaya wadda ta fara aiki ran 22 ga Maris 1957.

Duk abin da na zayyana zuwa nan lissafi ne, ana iya gwada shi da sama a ga ko ya yi daidai. Inda magana ta sauya shi ne mataki na gaba, inda ake cewa wannan sa'a mai kyau ce, waccan mai nahisa ce. Sun raba yini da dare gida 30, kowane gida minti 48, suna ce masa muhurat, kuma da wannan suna ake kiran sa'ar da aka zaɓa don aure, ko tarewa a sabon gida, ko buɗe shago. Akwai kuma kimanin awa ɗaya da rabi a kowace rana da suke kira Rahu kala, wadda masu kiyayewa ba sa fara sabon abu a cikinta. Kada a ɗauka abin na mutanen ƙauye ne. Kasuwar hannun jari ta Mumbai takan buɗe na kimanin awa guda a ranar Diwali don cinikin neman sa'a, masu shirya fim ma sukan zaɓi sa'ar ɗaukar hoton farko. Ke nan mutumin da ke cikin fim abu biyu yake yi a zama ɗaya: yana ƙirge, yana kuma yanke hukunci. Kalmar boka ta haɗiye na farkon, ta bar mana na biyun kaɗai.

Abin da ya sa na ce ta rufe mana ilmi shi ne, lissafin nan ba baƙonmu ba ne. A zamanin Halifa Mansur aka fassara littafin taurarin Indiya zuwa Larabci a Bagadaza, wanda aka sani da Sindhind, kuma shi kansa birnin, da za a aza harsashinsa a 762, masana taurari ne irin su Naubakht da Masha'allah suka zaɓi lokacin. Wajen 1030 Albairuni, wanda ya zauna ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta littafinsa a kan Indiya, ya jera masaukan watansu kusa da manazil 28 na Larabawa. Musulmi ne, bai bi addininsu ba, amma sai da ya fahimci abin da suke nufi kafin ya faɗi inda ya saɓa musu. Wannan shi ne aikin mai fassara.

Waɗannan manazil su ne suka iso ƙasar Hausa suka zama taurarin da malamai da manoma suke ƙirga shekara da su, kowane tauraro kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14 don a cika 365. Tsofaffinmu da suka zo daga Sakkwato da Katsina da Maraɗi suna iya jero na damina a ka: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, Harsan. Ilmi ne na gaske, amma na wurinsa. An daidaita shi da ƙasar da ke da damina ɗaya, Lome kuwa damina biyu gare ta, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya ɗauko lissafin Sakkwato ya shuka da shi a bakin teku, irinsa ne zai gaya masa gaskiya. Masu fancanga sun san wannan, don suna sake lissafinsu gwargwadon fitowar rana a kowane gari. A nan sun fi mu kula.

Mu ma kuma ba mu tsaya a ƙirge ba. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara har ƙasashen waje da lissafin hatimi, kuma littafinsa Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari yake. A ɗaya ɓangaren, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi littafi yana gargaɗin mutane su nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. Gardamar tsohuwa ce a gidanmu, kuma ba ta mutu ba. Har gobe akwai mai sha rubutu ranar Larabgana, Larabar ƙarshe ta watan Safar, don tsoron bala'in da aka ce yana sauka. Akwai wanda ba ya zuwa ta'aziyya ran Asabar don kada abin ya maimaitu. A shirin da nake gabatarwa, bayan na faɗi kwanan watan Hijira da na Bature, ba a rasa mai bugo waya ya tambaye ni ko ranar ta dace da tafiya Kwatano ko ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa. Mutumin da ya yi wannan tambaya da safe, shi ne zai zauna da dare yana ƙyaƙyata wa fandit.

Su kansu Indiyawa sun soki abin a finafinansu, kuma wanda na fi so mu duba shi ne Lage Raho Munna Bhai na Rajkumar Hirani, wanda ya fito a 2006. Yawanci ana tuna shi da yadda ɗan daba Munna, wato Sanjay Dutt, ya ƙwallafa rai a kan wata mai gabatar da shiri a rediyo, har ya koma bin tafarkin Gandhi. Amma duk rikicin fim ɗin daga bakin mai duba ya taso. Wani attajiri ba ya motsi sai da izinin malaminsa Batuk Maharaj, har harafi ya ƙara wa sunansa don neman sa'a. Malamin ne ya nuna masa gidan da wasu tsofaffi suke zaune, shi kuma Lucky Singh, mai son ɗaura 'yarsa Simran da ɗan attajirin, ya ƙwace gidan don ya faranta wa suruki. Ita Simran an haife ta a lokacin da masu duba suke cewa tauraron Mirrihi ya zauna a mugun gida, irin macen da suke kira mangalik, wadda ake cewa takan jawo wa miji halaka. Uban ya ɓoye, ita kuma da ta sani ta ƙi a gina aurenta a kan ƙarya.

Abin da fim ɗin ya yi daidai shi ne ya nuna a kan wa hukuncin sama yake faɗowa. Attajiri da malaminsa ba su yi asarar komai ba. Tsofaffi ne suka rasa matsuguni, yarinya ce aka maƙala wa tambari saboda sa'ar da ba ita ta zaɓi a haife ta a ciki ba. Inda ya gaza kuwa shi ne yadda ya warware. An ɗora wa Batuk Maharaj bindiga don a gwada ko taurarinsa sun gaya masa abin da zai same shi, ya rikice, 'yan kallo suka yi shewa. Abin da daɗin kallo, amma hujja ce mai arha, balle a fim ɗin da ke wa'azin barin ƙarfi. An kunyata mutum ɗaya, ba a taɓa tunanin da ya ɗaure masa gindi ba. Mai kallo zai fita yana cewa wannan malamin ne maƙaryaci, gobe ya nemi wani. Sannan an mai da mai duban abin dariya ƙwarai, har ba ka ganin miliyoyin gidajen da ke rataye kalanda irin Kalnirnay, wadda aka fara bugawa a 1973, don sanin ranar azuminsu da ta bikinsu. Fim ɗin ya yi kuskure irin na kalmarmu ta boka, ya zuba ƙirge da hukunci a ƙwarya ɗaya.

To, da wace kalma za mu fassara mangalik? Muna da ita, kuma mun san ta sarai: mai farar ƙafa. Wace unguwa ce a Zongo ba a taɓa raɗa wannan a kan wata ba? Ta auri mutum kasuwarsa ta karye, ko shanunsa suka mutu a hanya, ko shi ya kwanta ciwo, sai a ce ƙafarta ce. Ba a tambayar bashin da ya ci, ba a tambayar faɗuwar naira a kan sefa. Idan mijin ya rasu ta sake aure na biyun ma ya rasu, shi ke nan, ta gama aure a garin. Da mai fassara zai sa wannan kalma a bakin surukan Simran, na tabbata dariyar ɗakin kallo za ta ragu, don kowa zai tuna wata ƙanwa ko wata gwaggo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Ban ce a daina girmama lokaci ba. Mu da maƙwabtanmu Ewe duka muna raɗa suna da ranar haihuwa, su da Kofi da Kosi da Kojo, mu da Ɗanjuma da Ɗanladi da Altine, kuma ba wanda wannan ya cutar. Zaɓen Juma'a don ɗaurin aure saboda jama'a za su taru, ko jinkirta biki har bayan girbi, tsari ne. Kowa ya san Larabawan da suna ƙin aure a Shawwal, kuma a cikin watan nan ne Nana A'isha ta yi aure ta kuma tare. Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne: in lissafin ya gaya maka yaushe wata zai tsaya ko yaushe ruwa zai sauka, gwada shi, in ya ci ka riƙe. In ya ce maka wance annoba ce, ko ka bar mara lafiya a gida sai Laraba ta wuce, to ya bar ƙirge ya shiga abin da ba shi da iko a kai. Iyayenmu sun ga misali. A 1977 da gwamnati ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome ta mai da shi can arewa wajen Agoè, ba wanda aka ba zaɓin rana, mai sa'a da marar sa'a duk mota ɗaya suka loda kaya. Abin da ya sake tsayar da unguwar shi ne amana tsakanin fatake da masu masaukinsu, da zumunci, da haƙuri.

Roƙona ga masu fassara da 'yan uwana ma'aikatan rediyo, tunda mu ne muke sa wa mutane kalmomi a baki, shi ne mu rarrabe. Inda mutumin yake ƙirga kwanan wata, a ce mai lissafin taurari. Inda yake zaɓen lokaci, a ce mai duba sa'a. Inda yake cin kuɗin mutane da tsoratarwa, a kira shi da sunan da ya dace da shi, ko a Mumbai yake ko a bayan masallacin unguwarmu. Hausa ba ta rasa waɗannan kalmomi ba, mu ne muke ƙyuyar ɗauko su.