Lambar da ke Jikin Injin: Asali da Daraja a Tsoffin Motocin Ƙarfi na Amurka

A watan Yunin 2014, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya gudanar a birnin Seattle, an sayar da wata tsohuwar mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971, mai buɗaɗɗen rufi, a kan dala miliyan 3.5. Irinta da aka ƙera a wannan shekarar ba su wuce goma sha biyu ba. Amma ba ƙarancin kaɗai ya hura wutar cinikin ba. Abin da masu gwanjon suka fi kururutawa shi ne, injin da ke cikinta shi ne ainihin wanda aka ɗaura mata a masana'anta shekara 43 baya, kuma lambar da aka buga a jikinsa ta dace da lambar motar. Wannan dacewar lamba ita ce ginshiƙin kasuwar waɗannan motoci gaba ɗaya. A nan gida wanda ya sauke tsohon injin ya ɗora na Beljiyam ƙara wa motarsa kuɗi ya yi. A can kuwa, a wajen masu tara tsoffin motoci, ya rage mata mutunci ke nan.

Motocin da ake magana a kansu 'ya'yan wani ɗan gajeren zamani ne. An saba fara lissafi daga 1964, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka ɗauki injin mai lita 6.4 suka cusa a matsakaiciyar motar Tempest, suka sa mata suna GTO. Sauran kamfanonin Detroit suka bi sahu. Chrysler ta fito da injin Hemi mai lita 7 ga masu hawa titi daga 1966, Ford ta yi Boss 429, Chevrolet kuma a 1970 ta saki Chevelle mai injin LS6 da aka rubuta masa ƙarfin doki 450. Ba a je ko'ina ba kuɗin inshora ya hau, dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa, takunkumin man fetur na 1973 ya ƙarasa binne zamanin. Shi wannan Hemi mai lita 7 ma bayan 1971 kamfanin bai sake sa shi a mota ba.

Abin lura shi ne, a irin waɗannan motoci injin shi ne motar. Gangar jikin ta gama-gari ce, irin wadda malamin makaranta ke zuwa aiki da ita. Chevelle ta 1970 mai LS6 da 'yar'uwarta Malibu mai ƙaramin injin silinda takwas lambar jikinsu da lambobi iri ɗaya take farawa, 13637, kuma babu harafin da ke faɗin wane injin ne a ciki, domin Chevrolet ba ta fara sa wannan ba sai 1972. LS6 guda 4,475 aka yi. Saboda haka duk mai fenti da tambura da ɗan sanin hannu yana iya mai da Malibu ta koma kamar LS6, ido ba zai raba ba. Me zai tabbatar da cewa wannan motar haka aka haife ta? Injinta, da takardunta in sun tsira.

Ita lambar ba don masu tarihi aka ƙirƙiro ta ba. Don maganin ɓarayin mota aka fara buga wani yanki na lambar mota a jikin injin da giyabos. Corvette ta fara tun wajen 1960, sauran kuma akasari daga 1968. A injin Chevrolet, wurin wani ɗan shafaffen fili ne a gaban injin ta ɓangaren fasinja, faɗinsa bai fi yatsu biyu ba. A nan ake samun harafin masana'antar da ta haɗa injin, kamar T na Tonawanda, da wata da rana, da haruffan da ke nuna irin injin, sannan guntun lambar motar. A bayan gangar injin kuma akwai lambar zubi da ranar da aka zuba ƙarfen. Dole kwanakin su bi juna: a zuba ƙarfe, a haɗa injin, sannan a haɗa mota. Injin da aka zuba bayan motar ta bar masana'anta ya tona wa kansa asiri.

A kan wannan ɗan fili ne ƙwararru ke durƙusawa da tocila da gilashin ƙara girma. Ba lambar suke fara dubawa ba, fuskar ƙarfen suke karantawa. Na'urar da ta shafe wurin a masana'anta tana barin wasu siraran layuka miƙaƙƙu, daga gaba zuwa baya. Idan bakanike ya kankare saman gangar a wajen gyara, layukan sukan ɓace, a ga wasu masu lanƙwasa a madadinsu, sau da yawa lambar ma ta tafi tare da su. Daga nan sai su koma kan siffar haruffan: yadda aka ja wutsiyar 9, ko kan 4 a rufe yake ko a buɗe, zurfin bugun, tazarar da ke tsakani, su kwatanta da hotunan wasu injinan da aka buga a masana'anta ɗaya a kwanaki makusanta. Aiki ne irin na mai tantance rubutun hannu, kuma ina ganin girmansa ƙwarai.

Takardu ma suna da nasu matsayi. Akwai takardar haɗi da ma'aikata kan bari a ƙarƙashin kujera ko a saman tankin mai, akwai ɗan farantin garanti na General Motors, akwai allon ƙarfe a kan fenda a motocin Chrysler. Masu Pontiac suna neman kwafin rasitin asali daga Pontiac Historic Services, masu Ford kuma daga 1967 zuwa sama suna da rahoton Kevin Marti, wanda ke da izinin amfani da bayanan kamfanin. Masu Chevelle da aka haɗa a Amurka ba su da irin wannan gata, shi ya sa jabu ya fi yi musu yawa.

To, shin wannan ƙauna ta cancanta? Ta wata fuska, e, ba tare da jinkiri ba. Injin asali bai fi na canji gudu ba, wani lokaci ma na canjin ya fi lafiya. Darajarsa ta shaida ce. Shi ke nuna yadda Detroit ta yi aiki a wata rana takamaimai, da kurakuranta da gaggawarta, kuma in ya tafi babu kuɗin da zai sake haifar da shi. Ƙungiyoyi irin su NCRS ta masu Corvette, wadda aka kafa a 1974, sun adana ilimi mai yawa da da tuni ya bi ruwa saboda wannan naci.

Sai dai akwai wani rashin adalci a cikin al'adar da ba na iya kau da kai daga gare shi. An ƙera motocin nan don a taka su. Matasa ne suka saye su, suka kai su filin tseren rubu'in mil ranar Asabar, suka murza har ƙarfe ya huda ganga. Camaro ZL1 ta 1969, wadda 69 kacal aka yi da injin alminiyam, don tsere aka yi odarta tun farko, kuma da dama sun rabu da injinansu a fagen. Ke nan motar da ta yi aikin da aka yi ta dominsa ita ce ke zuwa gwanjo da nakasu, wadda ta yi barci a gareji kuma ta kwashi lada. Haka ma motar da injinta ya fashe tana sabuwa, dila ya canza mata a ƙarƙashin garanti da ganga mai haruffan CE. Kamfanin da kansa ya ba da injin, a zamanin, da takarda. A ganina wannan tarihi ne cikakke da ya kamata a faɗa da alfahari, amma kasuwa tana kallonsa a matsayin gurbi na biyu.

Inda tazarar farashi ta yi faɗi kuwa, maƙaryaci ba ya nisa. Ana neman ganga mai lambar zubi da kwanan wata da suka yi daidai, a shafe filin, a kwaikwayi layukan masana'anta, a buga lambar motar da ƙarafunan bugu irin na da. Wasu masu gyara suna kare kansu da cewa maido da kamanni ne kawai, kuma sun gaya wa mai motar. To, mai saye na biyu fa, da na uku? Bayanin baki yana mutuwa a hanya, lambar tana nan daram. Kalmar dacewar lamba ma an ja ta har ta yi laushi: wani yana nufin injin haihuwa, wani yana nufin lambobin kawai sun yi daidai, ko wa ya buga su. Shi ya sa masu saye da suka ƙware suke tambaya ƙarara ko da wannan injin aka haifi motar, kuma su nemi a rubuta amsar a takardar ciniki. Ni dai na fi girmama mota mai baƙon injin da mai ita ya faɗi gaskiya, a kan wadda aka yi wa tambarin ƙarya komai kyawunsa, domin bugun jabu ba mai saye ɗaya yake cuta ba, yana gurɓata ma'aunin da ake auna na gaskiya da shi.

Tsoron asara ya haifar da wata ɗabi'a kuma. Mai motar da ya san cewa rabin dukiyarsa na rataye da gangar ƙarfe ɗaya ba zai so ya taka totur ba. Wasu sukan sauke injin asalin, su shafe shi da mai, su ajiye a kusurwar gareji, su ɗora wani su riƙa yawo da shi, sai ranar sayarwa a mayar. Ban zarge su ba, dabara ce mai hankali, kuma ta fi a kulle motar ɗungurungum a riƙa tura ta da hannu daga tirela zuwa dandalin baje koli. Wasu kuma sun yanke shawarar sayen kwaikwayo da aka bayyana a fili cewa kwaikwayo ne, a kan kaso kaɗan na kuɗin ta asali, su ji rugugin Hemi a titi ba tare da fargabar fistin ba.