Busa da Bugu: Raddi ga Mai Kushe Kiɗan Kilarinet da Fiyano

Wani mai sharhi ya yi wa kiɗan kilarinet da fiyano kuɗin goro, wai kiɗan 'yan boko ne, ba waƙa ba amshi, babu abin da kunnen Bahaushe zai tsinta a ciki. Da cewa ya yi bai saba da shi ba, da an yi masa uzuri. Ɗora wa kunnenmu laifi kuwa, ba da mu ba, balle mu 'yan Sabo a Ibadan. Tun da aka kafa unguwar a 1916, yaranta ke tashi da kalangu a kunne ɗaya, gangar dundun ta maƙwabtanmu Yarbawa a ɗayan.

Ga kaɗan daga tarihin. Brahms ya tsara nasa a 1894, Debussy ya biyo a 1910, Alban Berg a 1913, sai Francis Poulenc na Faransa da ya rubuta nasa a 1962, ya rasu a Janairun 1963 bai ji an kaɗa shi ba. A watan Afrilun shekarar mabushi Benny Goodman da mai fiyano Leonard Bernstein suka fara gabatar da shi a birnin New York.

Abin da ya riƙe kiɗan nan shi ne saɓanin halin kayan biyu. Fiyano bugu ne: yatsa na sauka, guduma ta daki tsirkiya, daga nan sautin sai raguwa. Kilarinet kuwa numfashi ce. Mabushi na iya ɗauko sauti a hankali har ba ka san sa'ad da ya fara ba, ya kumbura shi, ya ja shi, ya sake rage shi. Algaita ba ta iya wannan. Mai algaita ya cika kumatu, yana shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba, gwaninta ce babba, amma muryarta ɗaya ce, ta tashin gari. Saurari kashi na biyu na kiɗan Poulenc: kilarinet ta fara ita kaɗai a ƙasa-ƙasa, ta yi wata ƙara kwatsam, sannan ta kwantar da murya, fiyano na lallaɓawa a bayanta. Masu cewa Poulenc ya cika zaƙi sun ji zaƙin, ba su ji ƙarar ba.

Ni dai na fi son Witold Lutosławski na Poland, da gajerun kaɗe-kaɗen rawa guda biyar da ya tsara a 1954 daga waƙoƙin ƙauyukan ƙasarsa. Akwai wuraren da mabushi ke ƙirga uku, mai fiyano na ƙirga biyu, kowa na bin takensa, sai su haɗu a gaɓa, su sake rabuwa. Ɗalibin kiɗa a Turai sai ya zauna da takarda yana lissafi. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban makaɗa a gidan biki, kanzagi na riƙe da taki ɗaya babban kalangu na yawo a kansa, ƙafarsa ce za ta gane kafin kansa.

Akin Euba, haifaffen Legas da ya rasu a 2020, ya yi shekaru yana nazarin dundun, ya kuma dage cewa fiyano na iya yin aikin ganga. Ya nuna hakan a kiɗan da ya tsara a 1970. Idan haka ne, abin da ake yi wa kallon baƙo tsohon haɗi ne na mabushi da makaɗi. Saura a samu mai tsara kiɗa a Jami'ar Ibadan da zai sauko Sabo, ya zauna da masu kalangu, ya ba fiyano taken mahauta, ya bar wa kilarinet kirarin.