Sharhi a Kan Fassara Kalmar "Mutton" da "Naman Rago"

Manufar wannan takarda ita ce duba wata fassara da ta zama jiki a makarantunmu, inda malamai kan ce wa ɗalibai ma'anar "mutton" ita ce naman rago. A ganinmu fassarar nan ta gaza, domin kuwa kowane harshe da irin yadda yake rarrabe dabba da namanta.

Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ne, ta kuwa shiga Ingilishi bayan Nomawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Tun a littafin Ferdinand de Saussure na 1916 aka nuna cewa Faransanci kalma guda yake da ita, wato "mouton", ga dabbar da kuma namanta, amma Ingilishi ya raba su biyu. Shi ya sa ɗalibin Maraɗi bai gamu da matsalar da ɗalibin Kano ya gamu da ita ba.

Mutumin Ingila da shekaru yake rarrabewa. Naman wadda ba ta shekara ba shi ne "lamb", na wadda ta manyanta kuwa shi ne "mutton", namiji ne ko mace. Shi kuwa Bahaushe jinsi yake fara dubawa. In aka tambayi mahauci a Kutama ko Gwarzo abin da ya yanka, cewa zai yi rago ko tunkiya, akuya ko bunsuru. Rago kuma yana da daraja ta musamman saboda layya da suna. Ashe ke nan "naman rago" ya fitar da tunkiya, wadda kalmar ta ƙunsa, ya kuma shigar da ƙaramin rago, wanda ba ta ƙunsa ba.

Har wa yau, a Indiya da Pakistan galibi naman akuya ake nufi da "mutton". Bahaushen da ba ya cin akuya, in ya dogara da fassarar aji, to zai ci abin da yake gudu.

Saboda haka muna ba da shawara a riƙa cewa "naman manyan tumaki", domin jam'in ya haɗa rago da tunkiya. Ya kuma kamata masu rubuta ƙamus su riƙa bayyana ƙasar da kowace ma'ana take aiki.