Sharhi a Kan Nuna Tarihin Gumel da Zane Mai Motsi

A 'yan shekarun nan, gidajen adana kayan tarihi a ƙasashe da dama sun ɗauki wata dabara ta haɗa mai zane da mai kwamfuta da marubuci da mai ɗora murya wuri guda, su shirya zane mai motsi, wato abin da yara ke kira katun, a riƙa nuna shi kusa da kayan da aka ajiye. Ban ƙi wannan dabara ba. Duk malamin da ya taɓa kai ɗalibai Gidan Makama a Kano ya san yadda suke wuce takobi da sulke ko waiwaye babu. Hoto mai motsi kuwa zai tsayar da su, kamar yadda majigi ya riƙa tsayar da mu a ƙofar fada.

Inda nake da ja shi ne a kan abin da za a zana. Marubucin tarihi yana iya cewa Ɗan Juma da Mangawa sun kafa sarautar Gumel wajen shekarar 1750, ya tsaya a nan. Mai zane ba shi da wannan dama. Tilas ya yi wa Ɗan Juma fuska, ya naɗa masa rawani, ya zaɓar masa harshen da zai yi magana da shi. In babu masanin tarihi a cikin masu aikin, hannunsa zai koma ga abin da ya saba gani a hawan sallar Kano, har a fito da Sarkin Gumel riƙe da tutar Shehu, alhali Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba. Barno take kai wa gaisuwa. Yaron da ya ga haka a bango, malaminsa zai sha wuya kafin ya cire masa shi daga ka.

Saboda haka, a ganina, kada a fara da yaƙe-yaƙen Haɗeja da Damagaram, ko tasowa daga Tumbi. A fara da Gagarawa Tasha. An kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru a 1930, kuma har yanzu akwai dattawan da suka ga zamanin gyaɗa da idonsu: yadda ake ɗora buhu a sikeli, yadda 'yan dako ke lodi a tarago, da irin tufafin da fatake ke sawa. Su ne za su iya ce wa mai zane, a'a, ba haka hular take ba. A zaunar da su tun ranar da aka fara rubuta labarin, ba sai ranar buɗe taro a ba su kujerar gaba ba.