Tsawon Waƙa Ba Aibi Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, na ji wasu samarin Barnawa suna cewa wai Bakandamiyar Mamman Shata ta cika tsawo, gara a datse ta. Ni kam ban yarda ba. Shata yakan yi nisa cikin kirari, kalangu na ƙara zafi, har mai sauraro ya ƙagu, sa'an nan amshi ya dawo, zuciya ta kwanta. Haka mawaƙan Ingila, Pink Floyd, suka gina "Echoes" a 1971. Minti 23 ce, tsakiyarta ƙara mai ban tsoro, kana karin farko ya komo. Daɗin yana cikin wannan jira. Mai datse waƙa ya sauke tukunya ne tun tuwo bai nuna ba.