Jana'izar Adalci: Jitar da Ta Bi ta Sakkwato

Mu da muke zama a bakin wani shagon cajin waya a Muchiya mun daɗe da zama abin tsokana. Idan aka ce a sa waƙa, kowa sai ya nemi Ali Jita ko Hamisu Breaker, mu kuwa sai mu ce Mdou Moctar. Nan take za a ce mun kawo hayaniyar Turawa. Tun ranar 3 ga Mayu, 2024, da sabon faifansa ya fito mai suna Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, tsokanar ta ƙaru, domin wannan karon hayaniyar ta fi ta kullum. Ba mu musa ba. Abin da muke musu a kai shi ne a ce kiɗan baƙo ne.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'azbine ne daga jihar Tawa a Nijar, kuma bahago ne. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahara, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tsince su. Kamfanin Matador ne ya fitar da wannan faifan, kuma su huɗu ne a cikinsa: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jita mai kauri.

Waƙoƙi tara ne a faifan. Ta farko, wadda ta ba shi suna, ba ta yin sallama. Ganguna da jita ne suke faɗowa lokaci guda, kuma da shugabannin Afirka take magana. Wanda ya ji Afrique Victime na 2021 zai lura cewa can kuka ne, nan kuma fushi. Amma a kasa kunne ƙarƙashin ƙarar. Jita ta biyu tana maimaita gajeren zagaye ɗaya ba gajiya, kamar yadda mai gurmi ko mai molo yake yi, jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa. Wannan gini namu ne. Lantarki kawai aka sa masa.

Wadda ta fi kama mu ita ce Imouhar. Tana farawa can ƙasa-ƙasa, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, har mutum ya miƙa hannu zai ƙara murya, sai ta fashe. Takoba kuwa, kalmar da ke 'yar'uwar takobinmu, ita ce inuwar da ake hutawa a cikinta, kuma ita muke fara sa wa masu tsokana.

Faifan bai rasa aibi ba. A wurare da dama jita tana danne murya, kuma mu da muka tashi da Shata da Ɗan Maraya mun saba kalma ce sarauniya, kiɗa bafadenta. Waƙar Oh France ma ta fi sauran saukin fahimta, don haka ta fi su haɗari. An kammala faifan kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ya rutsa da mawaƙan suna yawon wasa a Amurka. Duk wanda ya ɗauke ta kirarin sojoji ya yi wa faifan gajeriyar fassara, domin waƙar farko ba Faransa ta nuna da yatsa ba.

Babban aibin kuwa namu ne. Ba ma jin Tamashek. Ma'anar waƙoƙin da Turanci muka karanta ta, daga intanet. Ga kuma wani dattijo Ba'azbine da ke gadi a layinmu shekara da shekaru, muna shan shayinsa, ba mu taɓa tambayarsa komai ba sai lafiya. Wani dare muka kai masa wayar, muka ce, “Baba, me wannan yake faɗa?” Ya saurari Imouhar har ƙarshe bai ce uffan ba. Sannan ya gaya mana cewa kira ne ga mutanensa kada su bar harshensu ya mutu, ya ƙara da cewa jikokinsa da aka haifa a Sabon Gari Hausa kawai suke ji.

Jikinmu ya yi sanyi. Mun zo da faifan muna ganin mu ne waɗanda ake danne wa, ashe a wannan waƙar harshenmu na cikin manyan da ke haɗiye ƙanana, ko da ba da gangan ba. Saƙon maƙwabci ya tashi daga Sakkwato, sai da ya zaga ta New York kafin ya iso Zariya, alhali mai fassararsa yana zaune a ƙofar gidanmu.

Shawararmu ita ce a nemi faifan, a saurare shi da babbar sifika, ba da ƙaramar waya ba. Wanda kuma yake da maƙwabci Ba'azbine, ya kai masa, ya zauna har a sauke shayi na uku.